Baba Ya Ƙi Tiyata, Ya Ce Allurar Barci Ce Ta Cika Masa Ƙirji da Majina

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 63, kuma ya kai shekara 35 yana shan taba sigari. Shekara 6 da suka wuce an yi masa aikin hanji, aka sa shi barci gaba ɗaya. Kwana 2 bayan aikin ƙirjinsa ya cika da majina, in yana numfashi har ƙara ake ji, in tari ya taso sai ya danne saboda zafin ɗinki. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi, aka ce nimoniya ce, sai da ya ƙara mako guda a kwance. Tun lokacin yake cewa allurar barcin ce ta lalata masa huhu. Yanzu an ga duwatsu a matsarmamarsa, ciwon yana tasowa lokaci-lokaci, an sa ranar aiki nan da mako 5. Ya ce shi ba za a sake sa shi barci ba, gara ya zauna da ciwonsa. Ni ke jinyarsa, kuma ni ma tsoron ya fara shiga ta. Da gaske maganin barci yana tara majina a ƙirji? In matsa masa ne, ko in ƙyale shi?

'Yarsa ta fari

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kada ki soma da ce wa Baba tsoronsa ba shi da tushe, domin yana da shi. Mutumin da ya kwanta ƙirji a cike, numfashi na yi masa wuya, tari na neman tsaga shi, ba zai manta ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma akwai gaskiya a zarginsa: magungunan sa barci suna rage wa hanyoyin numfashi ƙarfin fitar da majina, likitocin sa barci sun daɗe da sanin haka. Abin da nake so ki duba da kyau shi ne girman rabon maganin a cikin wahalar da ya sha. Rabonsa ƙarami ne, na sa'o'i ne. Babban rabo yana wurin taba, da zafin ɗinki, da kwanciya wuri ɗaya, da tarin da ya riƙa dannewa. Waɗannan kuwa duk ana iya yin wani abu a kansu, kafin ranar aiki da bayanta. Saboda haka ra'ayina shi ne kada a soke aikin, a ci moriyar mako 5 ɗin nan da ke hannunku.

Sai kin san yadda ƙirji ke share kansa sannan sauran zancen zai zauna.

Tun daga hanci har ƙananan rassan bututun iska a can cikin huhu, bangon hanyar a shafe yake da majina, siririya mai ruwa-ruwa. Kimanin kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. Ƙura da hayaƙi da ƙwayoyin cutar da muke shaƙa duk a jikinta suke maƙalewa. A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, likitoci na ce musu siliya. Ƙwayar halitta guda tana ɗauke da kusan 200, kowanne yana kaɗawa sau 10 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya, dukkansu suna turawa wajen maƙogwaro, kamar mutane a layi suna miƙa kaya hannu da hannu har ya isa bakin ƙofa. A babban bututun iska na mai lafiya, majinar kan yi tafiyar kusan santimita 1 a minti. In ta iso maƙogwaro sai mu haɗiye ta ba mu ma sani ba, ruwan tumbi ya kashe abin da ta kwaso. Ba dare ba rana ake wannan aiki. Tari kuwa ɗan taimako ne: sai majina ta yi yawa ko ta yi kauri, gasun sun kasa, sannan ya zo ya fizgo ta da ƙarfi.

Gasun nan ba sa aiki sosai sai da ɗumi da danshi, hanci ne kuma ke tanadar musu. Kafin iskar da muka shaƙa ta nutsa cikin huhu, ta kai zafin jiki, digiri 37, ta kuma ƙoshi da tururin ruwa, kimanin miligiram 44 a kowace lita.

To, a ɗakin tiyata me ke faruwa? In za a yi aikin ciki, ana yi wa mutum allura a jijiya ya yi barci, a ba shi maganin da ke sassauta tsokoki, a zura bututun roba ta baki zuwa cikin maƙogwaro, na'ura ta karɓi numfashinsa. A ƙarshen bututun akwai 'yar jaka da ake hurawa ta toshe gefe da gefe, don kada abin da ke cikin tumbi ya gangara huhu. Wannan kariya ce babba, amma tana da kuɗinta. Bututun ya tsallake hanci, iskar da ke fitowa daga na'ura kuma busasshiya ce mai sanyi, sai majina ta soma yin kauri. 'Yar jakar nan tana danne gasun da ke wurin, tana kuma tare hanyar da majinar za ta bi ta fito. Shi ya sa ake maƙala wata 'yar matata a bakin bututun, mai riƙe ɗumi da danshin numfashin da mutum ya fitar ta mayar masa, ana kuma auna iskar jakar kada ta matsa fiye da kima.

Sai su magungunan. Akwai waɗanda ake shaƙa ta na'ura, irin su halotan, wanda aka fara amfani da shi a 1956, da aisofuluren da sebofuluren da suka biyo baya. Tun 1976 gwaji a kan karnuka ya nuna halotan yana rage gudun majina a bututun iska, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon jinkirin. 'Yan uwansa ma suna da wannan hali. A 2006 an gwada a kan marasa lafiya a Ostareliya, aka ga majina ta fi saurin tafiya a waɗanda aka riƙe barcinsu da furofofol, farar allurar da ake ba wa ta jijiya, a kan waɗanda aka riƙe da sebofuluren. Ketamin nasa daban ne, yana ƙara yawu da ruwan hanyoyin numfashi. Atirofin kuma, da ake bayarwa don rage wannan ruwan, yana busarwa, abin da ya rage sai ya yi danƙo. Ɗabi'ar ba da shi kafin aiki ta samo asali ne tun zamanin itar, maganin sa barcin da aka fara nuna wa duniya a birnin Boston na Amurka a 1846, wanda yake sa yawu da majina su yi ta zuba. Na kawo miki sunayen ne don ki gane abin da likita ke faɗa, ba don ki je ki ce ga wanda za a ba Baba ba. Kowanne yana da amfaninsa. Su waɗanda ake shaƙan nan, da suke rage gudun majina, su ne kuma suke buɗe hanyoyin iska in sun tsuke, abin da mashayin taba kan buƙata. Zaɓin na wanda ya duba zuciyar Baba da ƙodarsa da hawan jininsa ne.

Ga abin da ya fi muhimmanci a wurina. Waɗannan magunguna ba sa zama a jiki. Na shaƙa ana fitar da su da numfashi, na jijiya hanta da ƙoda su kawar, gasun kuma su koma bakin aikinsu. Ba su lalata wa Baba huhu ba. A shekarar 1976 ɗin dai, wasu likitoci sun sa wata hoda da hoton ƙirji ke iya gani a hanyoyin iskar mutanen da aka sa barci, suka riƙa bibiyar fitarta. Waɗanda aka yi wa aikin ƙafa, hodar ta fita ba wani jinkiri. Waɗanda aka yi wa aikin ciki kuwa, ta maƙale har zuwa kwana 6. Dukkansu barci aka sa su. Bambancin yana inda wuƙa ta taɓa.

Dalili kuwa shi ne, da zarar an sa mutum barci yana kwance rigingine, ƙasan huhunsa yakan ɗan lafe, ƙananan jakunkunan iska su rufe. Wannan yana samun kusan mutum 9 cikin 10 da aka sa barci, har matasa masu ƙoshin lafiya. Ga wanda ya farka yana iya jan dogon numfashi, nan da nan wurin ke sake buɗewa. Mu kanmu muna ajiyar zuciya sau da yawa cikin sa'a ba mu lura ba, ita ke buɗe abin da ya fara rufewa. Amma wanda aka tsaga wa saman ciki, tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babban injin numfashi, yakan yi rauni na kwanaki. Iskar da zai iya ja ya fitar a numfashi ɗaya takan ragu da kusan rabi, sai mako ko fiye kafin ta dawo. Ga zafi, yana numfashi sama-sama. Ga alluran kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin da fetidin, waɗanda ke kwantar da tari su kuma hana ajiyar zuciyar. Ga kwanciya. Sai majina ta taru a wurin da ya lafe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kwana 2 ko 3 zazzaɓi ya taso. Ki sake duba wasiƙarki: a kwana na 2 ne ƙirjin Baba ya cika, lokacin da maganin barcin ya daɗe da barin jikinsa, kuma ke da kanki kika ce yana danne tari. Nan abin ya kwana.

Yanzu batun taba, kuma ba zan ɓoye miki ba, nan ne na fi damuwa. Hayaƙin taba yana kashe wa gasun nan jiki, ya gajarta su, ya karkaɗe wasu gaba ɗaya. A lokaci guda yana sa gurbin da ke samar da majina ya kumbura ya riƙa zubo mai yawa mai kauri. Wanda ya shekara 35 yana sha, ƙirjinsa ya daina dogara da gasun, da tari yake rayuwa. Tarin asubar nan da mashaya ke yi, shi ke kwashe abin da ya taru cikin dare. To ki ɗauki mutumin da tari kaɗai ya rage masa, ki yi masa ɗinki a ciki wanda zai hana shi tarin. Me ya saura? Shi ya sa maganin da ɗan jinkirinsa ba ya damun wani, shi Baba ya same shi ba shi da abin dogaro.

Mako 5 ɗinku ya zo daidai. A watan Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa waɗanda suka bar taba mako 4 ko fiye kafin tiyata sun fi tsira daga matsaloli bayan aiki, kuma kowane mako da aka ƙara a kan 4 ɗin ƙarin alheri ne. Cikin kwana ɗaya da dainawa, gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iskar oksijin takan ragu ƙwarai. Cikin makonni gasun su fara farfaɗowa, majinar ta soma raguwa. A farko tarin yana iya ƙaruwa. Ki sanar da shi tun wuri don kada ya ce barin tabar ne ya jawo masa ciwo. Ƙirjin ne ya fara kwashe abin da ya daɗe a ciki. Akwai tsohon zance cewa barin taba dab da tiyata ya fi ci gaba da sha haɗari. An tattara binciken da aka yi a kai a 2011, ba a ga hakan ba. Kuma ragewa ba dainawa ba ce, shisha ma hayaƙi ce. Mutumin da ya shekara 35 da abu ba a ce masa kawai ya daure. Ku tambayi likita ko zai dace da filastar nikotin ko cingam ɗinsa, domin suna rage ƙishirwar tabar ba tare da hayaƙin ba. In akwai mai sha a gidan, ya taimaka ya daina sha kusa da shi.

Abu na gaba, ku nemi ganin likitan sa barci tun yanzu, kada ku bari sai daren aiki. Mutane da yawa likitan fiɗa kawai suka sani, alhali wanda zai riƙe numfashin Baba daga farko har ƙarshe shi ne wannan. A gaya masa komai: shekarun shan taba da yawan karan da yake sha a rana, ko yana tari da kaki kullum, ko yana haki in ya hau bene, ko yana minshari mai tsanani, da duk maganin da yake sha, na asibiti da wanda ba na asibiti ba. A ba shi labarin aikin farko dalla-dalla, in takardun suna nan a tafi da su. Mai irin tarihin Baba yana iya kasancewa da cutar toshewar hanyoyin iska ba a taɓa ganowa ba. Akwai gwajin hura iska cikin na'ura da ke nuna ta, in an same ta kuma maganin shaƙa na 'yan makonni yana gyara ƙirji kafin aiki.

Ku tambaya ko za a iya yin aikin ta ƙananan huji da kyamara, wato lafaroskofi. Da shi ake cire matsarmama a mafi yawan wuraren da ke da kayan aikin, kuma zafinsa da taɓa numfashinsa ba su kai na tsaga ciki ba ko kusa. In an ce sai an tsaga, to ku tambayi shirin kashe zafi. Ana iya haɗa farasitamol da allurar da ke kashe wurin ɗinkin, ko siririn bututun magani a gadon baya, don a rage buƙatar mofin. Abin da ake nema shi ne zafin ya sauka har ya iya tari, ba tare da an bugar da shi ya yi ta barci ba. Baba zai iya cewa a yi masa allurar baya kawai, ya zauna ido biyu. Gaskiya ne ita ba ta bi ta kan gasun, amma ta fi dacewa da aikin ƙasan cibiya. A aikin matsarmama ta kyamara ana hura ciki da iska, wurin kuma yana sama dab da huhu, don haka galibi sai an sa barci. Kada ki yi masa alkawarin da likita ba zai iya cikawa ba.

Ga kuma abin da ba ya cin ko sisi, wanda nake ganin shi zai fi sauya labarin wannan karon. A 2018 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani bincike da aka yi a Ostareliya da Niyuzilan a kan mutum 441 da za a yi wa babban aikin saman ciki. Rabinsu takardar bayani kawai aka ba su. Sauran rabin, bayan takardar, likitan motsa jiki ya zauna da kowannensu minti 30 kafin ranar aiki, ya yi masa bayanin abin da ke samun huhu, ya koya masa numfashin da zai fara da zarar ya farka. Matsalolin huhu bayan aiki, har da nimoniya, sun sauko daga kashi 27 zuwa 12 cikin 100. Zama ɗaya tak. Sirrin shi ne an koya musu tun suna da hankalinsu, ba lokacin da suke cikin zafi da magagin magani ba.

Yadda ake yi: ya zauna a miƙe, ya ja numfashi ta hanci a hankali har ya ji ƙasan haƙarƙarinsa ya buɗe, ya riƙe daƙiƙa 3, ya saki sannu-sannu. Sau 10. Ya ɗan huta, ya sake sau 10. Sannan ya rungume matashi ko naɗaɗɗen tawul a kan wurin ɗinki, ya danna da hannu biyu, ya yi tari mai ƙarfi sau 3. In tarin ya gagara, ya buɗe baki ya fesar da iska da sauri da sautin "haa", wannan yana taso da majina zuwa inda ƙaramin tari zai iya fitar da ita. Ku fara tun yau, safe da yamma, har jikinsa ya saba. Bayan aiki kuma kowace sa'a matuƙar idonsa biyu, tun daga farkawarsa. Na san abin da zai ce: ɗinkin zai kwance. Tarin da aka tallafa da matashi likitocin fiɗa da kansu ke umartar a yi shi. Abin da ya kamata ya ji tsoro shi ne tarin da ya danne. In zafi ya hana shi, wannan dalili ne na kiran nas a ƙara magani, ba lokacin nuna jarumta ba ne. A sha maganin zafi, a jira ya kama, sannan a yi atisayen.

Ya riƙa tafiyar ƙasa kullum cikin makonnin nan, minti 20 zuwa 30, gwargwadon ƙarfinsa. Bayan aiki kuma, da zarar an ba da izini, a ranar ko washegari, ya zauna a kujera, ya taka ko 'yan taku ne. Tausayi kan sa masu jinya su ce "kwanta ka huta, kada ka motsa", su kawo masa komai har gado. A wannan wurin tausayin cutarwa ne. In yana gado a ɗaga wajen kansa, kada ya kwanta shimfiɗe. Ya goge haƙora safe da dare, har da safiyar aiki, domin yawancin ƙwayoyin da ke jawo nimoniya daga baki suke gangarawa. Game da ruwa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar abinci sa'a 6 kafin aiki, tsabar ruwa kuma sa'a 2, amma ku bi abin da asibitinku ya faɗa, kada dai ya ƙara wa kansa ƙishirwar da ba a ɗora masa ba. Jikin da ya bushe majinarsa kauri take yi.

Kada ki saya masa maganin tari don ki ga ya samu sauƙi, musamman mai kodin. Tarin nan shi muke nema. Haka maganin mura mai busar da hanci, da ƙwayar barci, sai in likitan da ke duba shi ne ya rubuta.

In mura ta kama shi kafin ranar, musamman da zazzaɓi ko kaki mai launi, ku sanar. Ƙwayar mura tana karkaɗe gasun nan, hanyoyin iska kuma kan zauna da saurin tsukewa har zuwa mako 6. Wasu kan ɓoye don kada a ɗaga musu rana. Gara a ɗaga.

Ba zan ce miki haɗarin zai koma sifili ba. Shekara 63, doguwar taba, da nimoniya a aikin baya, duk suna sa Baba cikin waɗanda za a sa wa ido sosai. Don haka ki san alamomin da ba a jira da su, ko a asibiti ko bayan an sallame ku: zazzaɓi, numfashi da sauri ko haki yana zaune, kaki ya koma ɗorawa ko kore ko da jini, ciwon ƙirji in ya ja numfashi, leɓe ya yi duhu, ko ya rikice yana magana ba kan gado. A tsofaffi rikicewar nan takan riga zazzaɓi zuwa. In haki ya zo farat ɗaya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, yana iya zama gudan jini ne, a nemi likita nan take. Ki kuma samu wanda za ku riƙa karɓa-karɓa, domin tunatar da mutum numfashi kowace sa'a na kwanaki ba aikin mutum ɗaya ba ne, ke ma kina buƙatar barci.

Kin tambaya ko ki matsa masa. A'a, kada ki matsa. Jikinsa ne, shi zai sa hannu, kuma uba ba ya son 'yarsa ta tsaya a kansa tana ba shi umarni. Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa ki ce, "Baba, na yarda abin da ya same ka ba ƙarami ba ne. Ba na cewa ka amince da aikin, mu je dai ka gaya wa likitan barcin da bakinka abin da ya faru, mu ji me zai yi daban." In kun je ki bar shi ya yi magana da kansa, kada ki karɓe zancen. A karon farko an yi masa abu ne yana kwance bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan karon akwai aikin da yake nasa: barin taba, tafiya, numfashi, tari. Dattawa da yawa sun fi sakin jiki in sun ga akwai abin da ke hannunsu.

Amma a gaya masa ɗaya ɓangaren ma, ba don tsoratarwa ba. Duwatsun da suka fara tayar da ciwo yawanci sukan sake. Suna iya sa matsarmama ta kumbura ta yi ruɓa, ko ɗaya ya gangara ya toshe hanyar ɗaci ido ya yi ɗorawa, ko ya tayar da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, wanda ciwo ne mai haɗari. In haka ta faru, aikin da ya guje wa shi za a iya yi masa cikin gaggawa, da zazzaɓi a jiki, da taba a ƙirji, ba mako 5 na shiri. Aikin gaggawa ya fi wanda aka shirya jawo matsalar huhu.

In bayan ya ji duk wannan ya ce yana son ƙarin lokaci, a sanar da likitan fiɗa a nemi wata rana, kada a ɓace kawai. Tabar dai ya bar ta, tafiya da atisayen numfashin su ci gaba, don duk ranar da aikin ya zo a same shi a shirye. Kafin nan, in ciwon ciki ya wuce 'yan sa'o'i bai lafa ba, ko ya haɗu da zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, ko kika ga farin idonsa ya sauya, ko fitsarinsa ya yi duhu, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.